Ƴan tsakin fakara: tambayoyi da amsoshi kan girmansu, daga ƙwai har fitowar ƙaimi

Kowace shekara, da zarar gero ya fara fitar da kai, sai a fara yi mini sallama a ƙofar gida nan Tawa. Wani da ƙwai biyar ko shida a cikin hula, wani da ƴan tsaki a kwali suna ta tsuwa. Duk a gona aka tsinto su, a gindin sabara ko cikin ciyawar da ke bakin iyaka. Na daɗe ina kiwon zabi da kaji, na kuma sha rainon fakara. Wasu sun tashi, wasu da hannuna na binne su bayan akurki. Tambayoyin nan su ne aka fi yi mini, na bar su kusan yadda masu su suka faɗa.

Malam, fakara da makwarwa tsuntsu ɗaya ne?

A bakin mutane, ɗaya ne: wani gari ya ce fakara, wani ya ce makwarwa. Amma idan ka riƙe su a hannu za ka ga iri biyu ne a ƙasarmu. Akwai mai ƙafa ruwan ganye-ganye, wadda namijinta ke da ƙaimi biyu a kowace ƙafa, ita ce ta cika Afirka ta Yamma. Akwai kuma mai jar fata a kewayen ido da jar ƙafa, wadda ta fi yawa idan aka nausa gabas wajen Cadi da Sudan. Wannan ta biyun Turawa sun laƙaba mata sunan Clapperton, Baturen nan matafiyi da ya rasu a Sakkwato a 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Kazar dutse da ake ji tana kuka a duwatsu ita dabam ce, ba danginsu na kusa ba ce.

Sai kuma baƙuwar makwarwa da ake kiwo a ƙasashen waje, mai jan baki da baƙin zane da ya ratsa ido ya zagayo wuya, wadda ake kira cukar. Asalinta duwatsun Asiya ne, daga Turkiyya har Pakistan. Ita aka fi aunawa ana rubutawa, don haka duk inda na kawo lissafin nauyi daki-daki, nata ne.

Kwana nawa ƙwan ke yi kafin ya ƙyanƙyashe? Kaza za ta iya kwanta masa?

Na fakararmu sati uku ne, ko da ɗan ragi ko ƙari. Na cukar kwana 23 zuwa 24. Ka kwatanta da na kaza 21, na zabuwa 26 zuwa 28, na salwa 17 zuwa 18. Sai dai ƙwan da aka ɗauko a gona ba ka san kwana nawa uwar ta riga ta yi a kansa ba, don haka kada ka yi mamaki in ya fashe bayan sati ɗaya.

Kaza tana kwanta masa sarai. Ka zaɓi ƙaramar kazar gida mai sanyin hali, wadda ta taɓa raino. Babbar kaza nauyinta kan fasa ƙwan, in kuma ya tsira ta taka ɗan tsakon. Kada ka haɗa shi da ƙwan zabi a kwanci ɗaya: na fakara zai riga fita, kaza ta rasa wanda za ta bi, masu yawo ko waɗanda ke cikin ɓawo.

Ya fito yau. In ba shi abinci yanzu?

A'a, Hajiya, bar shi ya bushe tukuna. Kafin ya fasa ɓawo ya riga ya janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa, ita ce guzurinsa na kwana biyu ko uku. Abin da yake so a ranar farko ɗumi ne da ruwa.

Ki dube shi da kyau, don a ranar nan ake gane irin halittar da aka ɗauko. Idonsa a buɗe yake, jikinsa lulluɓe da lallausan gashi mai zane baƙi-baƙi da ruwan ƙasa daga ka har baya, irin launin busasshen ganye. A kan bakinsa akwai wani ɗan farin tsini da ya fasa ɓawo da shi, wanda ke faɗuwa bayan ƴan kwanaki. Nauyinsa bai kai rabin na ɗan tsakon kaza ba; na cukar garam 13 zuwa 15 ne. Amma ki dubi ƙafafun. Sun yi wa jikin girma. Cikin ƴan sa'o'i yana gudu, kuma da inuwa ta gifta ta kansa zai lafe a ƙasa ya sandare, ki neme shi a gabanki ki rasa. Ba wanda ya koya masa.

Ruwan kuwa ki zuba a murfin gwangwani mara zurfi, ki cika shi da ƴan duwatsu. Kaskon kaji rijiya ce a gare shi.

Ina ba su gero da tsaki, suna ci, amma kullum sai na wayi gari da gawa. Me ke faruwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace, kuma ni ma ta nan na fara asara. Karon farko da aka kawo mini ƙwai shida, duk suka fita lafiya. Na niƙa musu gero mai kyau, irin wanda muke fura da shi, ina ganin na yi musu gata. Kwana na biyar ɗaya ya saki fukafukai. Kwana na tara saura biyu. Ina duba su, jakar wuyansu cike da gero, ƙirjinsu kuwa kamar bakin wuƙa. Da ƙoshi suka mutu da yunwa.

Babbar fakara tana rayuwa da ƙwayar ciyawa da hatsin da ya zube da ɗanyen ganye. Ɗanta ba haka yake ba. A sati biyu zuwa uku na farko abincinsa ƙwari ne: gara, tururuwa da ƙwanta, ƙananan fara, tsutsar ganye. Dalili kuwa a fili yake. A wannan ɗan lokacin yake gina ƙashi da tsoka da gashin fiffike gaba ɗaya, gashin tsuntsu kuwa kusan dukkansa furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Gero bai wuce kashi 11 ko 12 cikin 100 na furotin ba. Abincin ƴan tsakin kaji na buhu yana da 20 zuwa 22. Ɗan makwarwa yana son wajen 28. Ga shi ƙundunsa bai yi ƙarfin niƙa busasshen hatsi ba tukuna.

Ba a nan kaɗai aka lura da haka ba. A Ingila, a yankin Sussex, tun 1968 masana ke bin makwarwar ƙasarsu gona-gona, suka gano cewa yawan ƴan tsakin da ke rayuwa yana tafiya ne da yawan ƙwarin da ke cikin gonar. Inda aka fesa maganin ciyawa, ƙwari suka rasa abin ci, ƴan tsaki suka bi bayansu. Shi ya sa nake ganin ba banza ba fakararmu ke ƙyanƙyasa daga tsakiyar damina zuwa kaka. Lokacin ne ƙasa ke motsi da ƙwari.

In ba ka da abincin buhu mai ƙarfi, ka dafa ƙwan kaza ya yi tauri, ka murmushe shi, ka gauraya da abincin ƴan tsaki ko lallausan garin gero. Ka ƙara garin busasshen kifi wanda ba a sa wa gishiri ba, da ɗan garin ƙuli-ƙuli mara yaji. Kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar a yini, abin da ya kwana a zubar. Amma duk wannan taimako ne, gara ce uwar tafiya.

To ina zan samo gara kullum?

Da tsohuwar tukunya. Ka cika ta da busasshen kashin shanu da gutsattsarin karan gero, ka yayyafa ruwa, ka kife ta da yamma a inda ka ga gara na aiki. Ka rufa mata buhu ko ganye don kada rana ta gasa ta. Da sassafe ka ɗaga, ka kakkaɓe a faranti. Tukunya uku da ake juyawa sun ishi ƴan tsaki goma.

Abu ɗaya: ka tsince manyan masu jan kai da ƙaton baki. Suna cizon ɗan tsako a baki ko a maƙogwaro, su maƙale. Ƙananan farare masu taushi ake so. Fara kuma kada ka karɓa daga gonar da aka yi feshi.

Da zafin Tawa, har sai an hura musu wuta?

Har sai an hura. Mutane na dariya in na faɗi haka, ganin a watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40. Amma ƴan tsakin nan ba a bazara suke zuwa ba. Suna zuwa ne lokacin da hadari ke tasowa da asuba ƙasa ta yi sanyi, na ƙarshensu kuma su riski farkon hunturu. Ɗan tsakon da bai yi sati biyu ko uku ba jikinsa bai iya riƙe zafin kansa. A daji yakan yi kiwo na ɗan lokaci, ya koma ƙarƙashin uwa ya ɗumama, ya sake fita. Ranar da aka wuni ana yayyafi, lokacin ɗumama ya cinye lokacin kiwo, ga ciyawa jiƙe. Irin ranar nan ce ke kwashe su, fiye da shaho.

In kaza ce ke raino, ta ɗauke maka wannan, kai dai ka tsare ta a busasshen wuri har raɓa ta ɗauke. In ba uwa, satin farko ana son digiri 35 daidai inda suke kwanciya, a riƙa rage wajen digiri 3 kowane sati har su yi gashi. Ƙwan lantarki ya yi, amma kowa ya san halin wuta, don haka ka tanadi tukunyar ƙasa da garwashi a ciki, a rufe, a kewaye ta da waya. Gawayi a ɗakin da ba iska yana kashe su, yana kashe mai su.

Ba sai da ma'aunin zafi ba. Sun dunƙule kan juna suna tsuwa mai ƙarfi, sanyi ne. Sun watse gefe baki buɗe, zafi ya yi yawa. Sun bazu suna barci wuya a miƙe kamar matattu, ka samu daidai, kada ka tashe su.

Nawa sai ƙafa da fiffike, ba nama. Ko tsumburewa suka yi?

Ba su tsumbure ba, ɗan'uwa. Kana auna su da ma'aunin kajin gidan gona ne, waɗanda aka ƙirƙira don su tara ƙirji cikin sati shida. Jikin fakara da tsari yake girma, kuma tsarin na tsira ne.

Ƙafa ce farko, ita ya fito da ita a shirye. Sai fiffike: tun a kwanakin farko za ka ga ƴan tsinkaye sun ɓullo a gefen fiffiken, kowane cikin kubensa, kafin sati ya cika sun fara buɗewa. A sati na biyu fukafukan sun rufe gefen jiki alhali kai da wuya na nan da gashin haihuwa. Daga nan gashin kafaɗa da na wutsiya, sai na baya da ƙirji. Kai ne ke zuwa ƙarshe. Tsakanin sati uku da biyar ba abin da ya kai su muni: dogayen ƙafafu, wuya a tsige, gashi rabi sabo rabi tsoho. A nan ne masu su kan zo mini a firgice. Naman ƙirji, wanda shi kake jira, sai daga wata na biyu yake cikowa sosai, lokacin da tashi ya zama na gaske.

Yadda za ka bambance wannan da rama: ka shafa ƙashin ƙirji da yatsa. In akwai tsoka ko kaɗan a gefe da gefe, ido na ƙyalli, yana ƙwacewa da ƙarfi, lafiya lau. In ƙashin ya fito kamar reza, fukafukai sun yi wa jiki tsawo suna jan ƙasa, abinci ne bai isa ba. Jiki yakan ci gaba da tura gashin fiffike ko da sauran ya tsaya.

Nawa ya kamata su yi a kan sikeli?

Ga na cukar da ke cin abinci mai kyau: wajen garam 100 a sati huɗu, 250 ko fiye a sati takwas, wajen 400 a sati goma sha biyu. Daga nan girman ya lafa, a sati goma sha shida ta kusa kai iyayenta, waɗanda ke tsakanin rabin kilo da garam 700. Fakararmu mai ƙaimi biyu ba ta kai haka ba: namiji wajen rabin kilo, mace ƙasa da haka. Abin lura ba adadin ba ne. Ka sa su a ƴar jakar tsumma ka auna kowace Lahadi kafin ka tafi kasuwa. Satin da nauyi ya tsaya cik a watanni biyun farko, akwai magana.

Yaushe suke fara tashi?

Da wuri fiye da yadda kake zato. Tsakanin kwana 10 da sati biyu sun fara tsalle da fiffike, su haye bakin kwali. A wata ɗaya katangar gida ba ta tare su.

Kuma tashin fakara ba irin na tattabara ba ne. In ta firgita sama take yi a miƙe, da dukan ƙarfinta. Na taɓa rasa wata ƴar wata biyu, lafiyayya, don kawai muzuru ya bi ta kan akurki da dare. Ta buga kai a kwano, da safe na tarar da ita. Tun ranar nake ɗaura tsohon gidan sauro ko raga mai taushi a ƙarƙashin rufin, da ɗan sako-sako. Na kuma jingina musu karan dawa da reshen geza a kusurwa. Tsuntsun da ke da wurin ɓuya ba ya yawan tashi a haukace.

Sun yi wata ɗaya, ga gashi na zuba. Ciwo ne?

Sauyin gashi ne. Gashin farko na wucin gadi ne, an yi shi da gaggawa don a samu na tserewa. Daga wajen sati na huɗu manyan gashin fiffike ke fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, daga ciki zuwa waje, kowane fiffike daidai da ɗan'uwansa, don kada tsuntsun ya rasa tashi ko na yini ɗaya. Kafin wata huɗu ya sa rigar manya. A cukar da makwarwar Turai, gashi biyu na can bakin fiffike ba sa faɗuwa a shekarar farko, kuma bakinsu mai tsini ne, na tsofaffi kuwa a zagaye. Da shi mafarautan can ke gane ɗan bana.

In kuwa ka ga fata a fili da jini a baya ko gindin wutsiya, wannan tsigar juna ce. Cunkoso ke kawo ta, da haske mai yawa, da ƙarancin furotin. Ka ware mai rauni nan take, ka faɗaɗa wuri, ka rataya musu ganyen zogale ko na yakuwa su huce a kansa.

Ɗaya ƙafafunsa sun baje, wani kuma yatsunsa sun lanƙwashe.

Bajewar ƙafa yawanci daga santsi ne: leda, tayil, takarda mai sheƙi, ƙasan roba. A kwanakin farko gaɓoɓin na da taushi, in ƙafa ta zame ta zauna a haka. Ka shimfiɗa tsohon buhun algarara ko tsumma mai kaushi, bayan sati ka koma yashi mai tsabta. Wanda ya riga ya baje, ka haɗa ƙafafun biyu da zare mai laushi, tazarar tsayuwarsa, kwana uku ko huɗu. In an yi da wuri yakan miƙe.

Lanƙwasar yatsu kuwa ko daga zafin injin ƙyanƙyasa da bai daidaita ba, ko daga ƙarancin bitamin. Garin bitamin na kaji da ake sa wa a ruwa yana taimakawa, akwai shi wurin masu maganin dabbobi. Ka kuma bar su su sha hantsi kullum. Ƙashi ba ya ƙwari a ɗaki mai duhu.

Yaya zan gane namiji da mace?

A watannin farko, haƙuri. Zanensu ɗaya ne, ba kamar zakara da kaza ba. Daga wata na uku namiji ya fara fin ƴan'uwansa girman kai da kaurin ƙafa. Ka shafa bayan ƙafar, sama da ɗan yatsan baya: za ka ji wani ƙullutu kamar ƙwayar dawa. Shi ne ƙaimi ke tahowa. Yana daɗewa kafin ya yi tsini, na sama kuma ya fi na ƙasa gajarta. Mace ko ba ta da shi, ko ɗan guntu ne. Sauran shaidar kunnenka zai ba ka, ranar da wani ya hau kan tukunya da asuba ya kece da wannan kukan mai kaushi da kowa ya sani a gona. Na farkon yakan fito a karye, kamar na saurayin da murya ke fashe masa.

Zan iya sake su cikin kaji da zabi?

Ban da kazar da ta raine su, ban so. Kajin gida na ɗauke da tsutsar ciki da cututtukan da suka saba da su, ba sa nuna komai, amma su kayar da fakara. Gudawa mai jini tsakanin sati uku da shida, musamman in ƙasan akurki na da laima, ita ce ta fi yawa. Ciwon Niyukasil da ke share kaji da hunturu su ma yana kama su, don haka ranar da za a yi wa kajinka rigakafi ka gaya wa likitan dabbobi kana da su. In kuwa tsuntsaye suka fara faɗuwa da yawa lokaci ɗaya, kada ka yanka, kada ka kai kasuwa, ka sanar da ma'aikatan kiwo. Ba mu manta murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya a 2006 ba.

Baba, in sun girma za su zauna kamar zabi? Kuma halal ne a wajen hukuma?

Ta wajen hukuma, fakara naman daji ce. Dokar Nijar ta farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998 ta shafe ta, don haka kafin ka tara su ko ka fara sayarwa, ka je ka ga ma'aikatan gandun daji. Ni kuma abin da nake gaya wa duk yaron da ya zo mini da ƙwai a hula shi ne, in gidan bai lalace ba, ya mayar. Uwar tana komawa in ba a dame ta da yawa ba, kuma duk tukwanen garata ba su kai ta iya ba. Wanda garma ta riga ta tone, ko aka sare ciyawar da ta rufe shi, shi ne nake karɓa.

Zama kuwa, kada ka sa rai. Suna bin kaza wata biyu, uku, suna cin gara a tafin hannunka. Daga nan sai ka ga sun fara ja da baya, suna kwana nesa da ita, suna zirga-zirga a jikin waya ta ɓangaren da ke fuskantar daji. Biyun nan da suka rage mini a karon farko sun kai wata biyar. Wata safiya ƙaramin ɗana ya buɗe akurki zai sauya ruwa, ya bar ƙofa. Ina alwala na ji fir, sun haye katanga sun yi gabas wajen gonaki. Kazar da ta raine su ta ɗaga kai sau ɗaya, ta ci gaba da tonon ta. Yaron ya wuni bai ci abinci ba, yana tsaye da murfin gwangwanin ruwansu a hannu yana tambayata ko za su dawo da magariba.